Taki Ɗaya a Gaban Gwaggo Sanɗa

Manya sun ce ba a tatsuniya da rana. To wannan da rana tsaka ta faru, tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu da rabi, lokacin da kasuwar hannun jari take buɗe, don haka ku ajiye ta a inda kuka ga ya dace. Labarin gwaggona ne, ƙanwar mahaifinmu, wadda gida da ofis duk ake kira Sanɗa.

In kun gamu da ita a hanya ba za ku waiwaya ba. Gajeriya ce, da tabarau mai igiya a wuya, da wata baƙar jaka da na sani tun ina goye. Takalminta ba ya ƙara. Muna yara sai dai ka ji an kama kunnenka a bakin tukunya, ba ka ji shigowar kowa ba. Mijinta, Mai Agogo, yakan ce, "Ni mace na nema, aka kawo mini inuwa. Sallama ma sai ta zauna take yi."

Shagonsa na gyaran agogo yana ƙarƙashin wata matakala, tsallaken titi da dogon ginin da take aiki. Ita kuma teburinta yana hawa na bakwai, jikin taga. Kullum ƙarfe ɗaya da minti biyar sai ta tashi ta leƙo, shi kuma ya fito bakin shago ya ɗaga mata hula. Shekara ashirin da huɗu suna wannan, kuma in ka tambaye su kowa sai ya ce ɗayan ne ya fara.

Aikinta a wani asusun fansho ne, inda ake juya ajiyar malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan jinya. Asusun ba ya bin jita-jita, yana da ƙa'idarsa. Duk wata uku kwamfuta takan tankaɗe kamfanonin kasuwa kaf: wanne ya yi araha in an gwada da ribar da yake samu, wanne farashinsa ya daɗe yana hawa a hankali, wanne ba ya tangal-tangal. Sai ta fitar da jerin sunaye, a sayi waɗannan, a rabu da waɗancan. Ba Gwaggo ke zaɓa ba. Nata shi ne zuwa cefanen.

Ku kuwa kada ku raina cefanen nan. Kasuwarmu ba irin manyan nan ba ce da ake labari. Wani kamfanin sai a wuni ba a yi cinikin hannun jarinsa sau goma ba. Ka faɗa irin wannan wuri ka ce a ba ka dubu ɗari biyar yanzu-yanzu, ai kamar ka tsaya tsakiyar kasuwar ƙauye ne ka yi shela kana son kaji dubu. Kafin ka rufe baki kazar goma ta koma sha biyar, kuma kai ka ja wa kanka. Ribar ƙa'idar kuwa siririya ce kamar ɓawon albasa. Mai saye ya yi garaje, a hanya zai zubar da ita, tsofaffi su tashi a tutar babu. Saboda haka sai a shiga da sanɗa, a ɗauki kaɗan, a ja da baya, a dawo, har mako uku, ba tare da kasuwa ta farga cewa giwa ce ke yawo a cikinta ba.

Wanda ya koya mata wannan tafiya wani dattijo ne da ake kira Baba Sannu, don bakinsa ba ya rabuwa da "sannu ba ta hana zuwa". Shekara goma sha ɗaya tana zaune gefensa. Karatunsa ba shi da yawa. Kada ki zama ta farko. Bari mai sayarwa na uku ya fito, lokacin na farkon ya fara ƙosawa. Kada ki sayi dubu cif, mai ido zai gane ki. Ɗauki ɗari bakwai, sai ɗari uku, sai dubu da ɗari. In kin saya sau uku, tashi ki sha ruwa. In farashi ya gudu kada ki bi shi, kaza in ba a kore ta ba da kanta take dawowa. Yana da wani ɗan gyaran murya da yake yi kafin ya danna maɓalli, ƙasa-ƙasa, kamar mai neman izinin shiga ɗaki. Kuma duk cinikin da ya yi sai ya rubuta a littafinsa na kansa, da sa'a da minti. In suna tafiya a baranda, shi a gaba da taki ɗaya, ita a baya rungume da takardu. Bai taɓa sauri ba, ita ma ba ta taɓa cim masa ba.

Ya yi ritaya ya bar mata kujerar, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Lokacin da abin nan ya fara, shekara shida ke nan da binne shi, ita kuma saura wata bakwai ta ajiye aiki.

A kan wani kamfanin siminti ta fara lura. Ta zuba wa allon kwamfuta ido, mai sayarwa na farko ya fito, na biyu ya fito, na uku ya fito. Ta yi gyaran murya, yatsanta na sauka, sai wayam. Wani ya riga ta. Ɗari bakwai cif. Ta ce haɗuwa ce, kasuwa ai ba ta uban kowa ba ce. Ta jira. Da ta sake miƙa yatsa, an ɗauke ɗari uku. Can kuma dubu da ɗari. Farashi ya hau mataki guda, dole ta saya da tsada.

Allon kasuwa ba ya nuna suna, sai adadi da lokaci. Don haka babu wanda za a nuna wa yatsa. Abokan aikinta suka raɗa wa abin suna Na-Gaba, suna yi suna dariya. "Mama, saurayinki ya iso?" Ita ma takan taya su: "Ya iso, kuma bai zo da komai ba sai hannu." Amma kwana ya bi kwana, kamfanin siminti, na sukari, bankuna biyu, duk inda ta sa ƙafa sai ta tarar da sawu ɗanye, kuma sawun daidai da ƙafarta.

Da zagayen wata ukun ya ƙare aka duba, tsadar cefanenta ta ninka ta kullum. Manaja ya kira ta ofishinsa. Yaro ne da ta isa haifa, mai kunya, ya yi ta gyara biro a kan tebur.

"Mama, ba ni na faɗa ba."

"In kai ne, faɗi. In ba kai ba ne, faɗi na wanda ya aiko ka. Ƙafafuna ba sa son tsayuwa."

"Ki zauna mana."

"Na fi jin magana a tsaye."

"Jerin nan mu uku muke ganinsa. Ni, da mai kula da kwamfuta, da ke. Na sama suna cewa... suna cewa jerin yana fita. Wai akwai wanda ake tsegunta wa, ya riga mu saye, ya ci bambancin."

"Kuma ni ce bakin."

"Ban ce ba, Mama."

"Idonka ya ce."

Sharaɗin da aka gindaya shi ne, zagaye mai zuwa za ta ajiye wayarta a ƙofa, jerin a takarda za a miƙa mata da safe, Manaja da kansa zai zauna a bayanta. In abin ya sake faruwa, za a miƙa maganar ga masu bincike. Ku gane, ba korar ce ta dame ta ba, mai sauran 'yan watanni me kora za ta yi mata? Sunan ne. A ce Sanɗa, wadda ko biron ofis ba ta taɓa kai wa gida ba, ta ci amanar tsofaffi. Wannan in ya fita, ko wanka da ruwan teku aka yi mata ba zai goge ba.

Zagayen ya zo. Aka karɓe waya, Manaja ya jawo kujera. Na-Gaba bai fasa ba. Litinin, Talata, Laraba, taki ɗaya a gabanta. Tana jin numfashin yaron nan a bayanta, da ƙarar bironsa yana rubutu.

Ran Laraba ne abin ya canza mata kama. Tana hutawa, idonta ya faɗa kan wani kamfanin gilashi da ba ya cikin jerinta ko kusa. Babu wanda ya ce ta saya. Kallo kawai take yi irin na sabo. Na farko ya fito, na biyu, na uku. Ba ta san lokacin da maƙogwaronta ya yi ɗan gyaran muryar nan ba. A daidai nan aka ɗauke ɗari bakwai.

Na'urar sanyaya ɗaki na ta hurawa, rana ƙwal a taga, mutane na ta danne-danne, amma ita ji ta yi kamar akwai wani zaune a kujerar hagunta, inda babu kujera tun shekaru.

Da yamma ta kasa cin abinci. Mai Agogo ya dube ta ta saman tabaransa.

"Yau kuma wa ya mutu?"

"Wanda ya mutu ya daɗe da mutuwa. Malam, abin nan ba jerina yake bi ba. Ni yake bi. Ko in ce ni ke bin sa."

Ta kwashe duka ta faɗa masa. Ya saurara yana juya wani tsohon agogon aljihu a hannu. Can ya ce, "Ke matsalarki kina kallon lokacin da yake tafiya. Mu in an kawo agogo, ba tafiyarsa muke dubawa ba, kowane agogo ai ya iya tafiya. A tsayuwarsa ake gane ko wane ne. Yaushe yake tsayawa?"

"Ban taɓa dubawa ba."

"Shekara ashirin da huɗu ana biyan ki kuɗin kallo."

"Kai shekara talatin kana gyaran agogo, ba ka taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba."

"Ƙarfe ɗaya da minti biyar fa?"

Wannan kam gaskiyarsa ce.

Alhamis da Juma'a ba ta sayi abin kirki ba, tsayuwar ta sa wa ido. Ta ga in ya saya sau uku yakan ɓace minti huɗu. Wannan ta san shi, tsawon barandar ne zuwa wurin ruwa da dawowa, a tafiyar dattijo. Amma akwai wata tsayuwar da ta fi ɗaure mata kai. Ƙarfe sha biyu saura minti ashirin, ko kasuwa tana ci da wuta, ko araha ta zube a ƙasa, Na-Gaba yakan yi tsit na minti shida. Kwana biyun duka, ba ƙari ba ragi. Wani abu ya riƙa sosa mata ƙwaƙwalwa, kamar ƙarar da ka sani amma ka manta ta mece ce.

Ran Asabar, da yake babu kasuwa, ta shirya da hantsi ta tafi gidan matar Baba Sannu, wadda kowa ke kira Iya. Tsohuwa ta rame amma bakin yana nan.

"A'a! Sanɗa ce? Ke sai dai a ga mutum a tsakar ɗaki. Ashe kin san hanya."

"Iya, a yi mini afuwa, aiki ne."

"Aiki, aiki. Shi ma haka ya yi ta cewa har aikin ya ga bayansa."

Suka gaisa, aka kawo ruwa. Gwaggo ta nemi ta leƙa ɗakin Baba. Komai yana nan yadda ta san shi, kujerar katako, tabarau a kan tebur, sandarsa a jingine. Sai kanta guda a bango da ta zama fayau, ƙura ta zana inda littattafai suka taɓa tsayawa.

"Iya, littattafansa fa?"

"Arba'in da ɗaya. Wasu samari biyu suka zo bara, masu ladabi, har ƙasa suka durƙusa. Wai daga wani kamfanin zuba jari. Suka ce aikin Baba bai kamata ya mutu ba, za su koya wa na'urarsu. Na ce na'ura kuma? Suka ce e, za ta karanta ta iya. Na ce ku ɗauka, ni gara ce kawai ke karanta mini su." Ta dube ta. "Na yi laifi ne?"

"Ba ki yi ba, Iya."

Suna nan zaune sai agogon bango ya kai sha biyu saura ashirin. Gwaggo ta ga hannun tsohuwa ya tashi da kansa, ya tafi kan wata tsohuwar wayar tebur da aka daɗe da yanke wa layi, ya dafa ta. Iya ta ga ana kallon ta, ta yi 'yar dariyar kunya.

"Kada ki ce na haukace. Shekara ashirin kullum war haka nake kiransa ofis in tuna masa maganin hawan jininsa. In ban tsaya a kan layi ba har na ji ya haɗiye, ba zai sha ba. Daga nan sai mu ɗan taɓa faɗa. Yanzu hannun ne ya ƙi mantawa."

"Minti nawa kuke yi?"

"Wa ya ƙirga? Biyar, shida. Sai ya ce, to mai gida, kasuwa na jira."

Gwaggo ta ce a lokacin ta tuna ƙarar. Wayar teburin Baba, baƙa, mai ƙara biyu-biyu. Ta tashi za ta tafi, Iya ta riƙo gefen mayafinta.

"Sanɗa, wai na'urar ta iya?"

"Ta iya, Iya. Har wayarki tana ɗauka."

A mota ta warware sauran. Ƙa'idar asusunsu ba asiri ba ce, duk mai kwamfuta da ya tankaɗe kasuwar nan kusan jeri ɗaya zai samu. Wancan kamfanin yana da nasa jerin, kusan irin nasu, har da na gilashi. Kuma mai yi musu cefane tafiyar Baba yake yi, sai dai yatsansa ya fi na mutum sauri. Ita ma tafiyar Baba take yi. Biyu a hanya ɗaya, shi a gaba da taki ɗaya, kamar dai a baranda. Bayani ne mai kyau, kuma ta ce ko kaɗan bai rage mata sanyin da take ji a ƙeya ba.

Litinin da safe ta juyo ta dubi Manaja. "Ɗan nan, ajiye biron. Yau ba zan sayi komai ba sai sha biyu saura ashirin."

"Mama, kwana tara suka rage."

"Na iya ƙirga. Ka ga wancan da ke ta ɗauka? Sha biyu saura ashirin zai tsaya. Minti shida."

"Ta yaya kika sani?"

"Matarsa za ta kira shi."

Yaron ya dube ta irin kallon da ake wa wanda rana ta daka. Suka zauna. Na-Gaba yana ta aikinsa, ɗari bakwai, ɗari uku. Tsinken agogo ya hau kan lokacin. Allo ya yi tsit. Masu sayarwa suka fito suka jeru, na uku, na huɗu, na biyar, babu mai taɓa su.

Gwaggo ta ce ji ta yi kamar malaminta ya juya baya yana amsa waya, ita kuma ta miƙa hannu cikin kwanonsa. A ranta ta ce, Baba, kai ka ce amanar tsofaffi ta fi kunya. Ta haɗiye gyaran muryar da ya taso mata, ta danna. Ta sake dannawa. Cikin minti shidan nan ta kwashi abin da takan yi wuni tana tsinta, farashi ko gezau. Minti na bakwai, ɗari bakwai ta bayyana a allo. Ya dawo.

Manaja ya ce a hankali, "Mama, wane ne?"

"Gobe ma ka zo da wuri."

Haka ta yi kwana taran. Ta bar mai sayarwa na uku, ta bar ɗari bakwai, ta bar duk abin da aka koya mata. In ya tafi shan ruwa ta shiga, in ya ɗauki waya ta shiga. Da aka duba a ƙarshe, cefanen bai taɓa yin sauƙi irin na wannan karon ba. Wanda ake tsegunta wa jeri ba ya tafiya shan ruwa ya bar maka kasuwa, wannan ko na sama sun gane. Aka rubuto mata takardar ban haƙuri mai layi uku. Manaja ya kawo da hannunsa, ya durƙusa.

"Tashi," in ji ta, "wandonka mai tsada ne."

Ranar da za ta bar aiki, saura ɗan guntun ciniki. Wannan ta yi shi yadda aka koya mata. Ta jira na uku, ta yi gyaran murya da ƙarfi yadda kowa zai ji. Aka riga ta. Ta ce, "Sannu da aiki, Baba," ta ɗauki baƙar jakarta. Babu wanda ya ji fitarta.

Mai Agogo ma ya rufe shago a watan, ya ce wa zai ɗaga wa hula. Suka zauna gida suna faɗan wanda ya bar famfo a buɗe.

Bayan shekara guda Manaja ya kawo musu ziyara, ina nan a ranar. Ya sha ruwa, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ofis ya yi tasa na'urar. Ba su buƙaci littafi ba, duk cinikin da ta taɓa yi yana cikin kwamfuta, da sa'a da minti.

"Tana aiki kuwa?" in ji Gwaggo.

"Kamar ke, Mama. Tana bin wancan a baya, in ya tsaya ta shiga. Yaran tebur har tsoro suke ji. Abu ɗaya ne muka kasa ganewa. Kullum ƙarfe ɗaya da minti biyar sai ta tsaya. Minti biyu. Masu gyara sun duba, sun ce babu abin da ya lalace."

Na jira Mai Agogo ya yi barkwanci, don wannan irin nasa ne. Bai yi ba. Ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi yatsanta da ke kan gwiwa, yana ɗan motsi shi kaɗai.

Washegari da azahar ta gabato na ga Mai Agogo ya saka hularsa mai kyau ya fita. Shagon yanzu mai sayar da cajar waya ne a ciki. Mai cajar ya ce mini yana nan yana kallo, tsoho ya zo ya tsaya a bakin matakala, ya duba agogon aljihu, ya ɗaga kai sama wajen hawa na bakwai, ya ɗaga hula. Kuma tun daga ranar bai fasa ba, in dai ranar kasuwa ce.

Na tambayi Gwaggo ko ba za ta hana shi ba. Ta ce, "In hana shi? A bar na'urar tana leƙowa babu kowa?"

Iyakar abin da na sani ke nan. Mai son ƙari ya je bakin matakalar ƙarfe ɗaya da minti biyar, ya tambayi mai hula.